Wasan rediyon ƙasashen Sifaniyanci: na talakawa ne ko na masu sabulu?

Zainabu: Assalamu alaikum, manyanmu. Waɗannan finafinai masu dogon zango na Meziko da Benezuwela da muka tashi muna kallo, wani ya ce mini asalinsu ba talabijin ba ne, rediyo ne, kuma ba Meziko ba ce tushen, Kyuba ce. Haka ne? Dakta, kai da ka zauna can, ka warware mana.

Dakta Ilyasu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba. Kafin talabijin ta zo, Habana, babban birnin Kyuba, shi ne cibiyar wannan sana'a, suna kiranta radionovela. Manyan tashoshi biyu ne ke gogayya, CMQ ta su Goar Mestre da 'yan uwansa, da RHC Cadena Azul ta Amado Trinidad. Wasan da ya fi kowanne suna kuwa shi ne El derecho de nacer, wato haƙƙin a bar mutum ya zo duniya, na Félix B. Caignet. An fara sa shi a CMQ ranar 1 ga Afrilu, 1948, ya yi kashi 314.

Ga labarin a taƙaice. María Elena 'yar wani babban gida ce a Santiago de Cuba. Wani ya yaudare ta, ta yi ciki, ya gudu. Ubanta, Don Rafael del Junco, ya ga sunan gidansa zai ɓaci, sai ya ba da umarnin a kashe jaririn. Baƙar fatar nan mai aiki a gidan, Mamá Dolores, ta ɗauke yaron ta gudu da shi, ta rene shi da guminta, ta ba shi sunanta na Limonta. Uwar ta shiga gidan zuhudu ta zama sista. Yaro ya girma ya zama likita, Albertico Limonta. Wata rana aka kawo wani tsoho yana bakin mutuwa, yana buƙatar ƙarin jini, likitan ya ba da nasa. Tsohon nan shi ne kakansa da ya ce a kashe shi. Masu sauraro sun sani, su biyun ba su sani ba. A kan wannan aka riƙe ƙasa guda shekara cur.

Auwal: Subhanallahi. Ko yanzu da na karanta sai da tsigar jikina ta tashi.

Nura: Dakta, Allah ya ƙara sani, amma ka fara labarin daga tsakiya. Tun 1930 wata tasha a Chicago take sa Painted Dreams na Irna Phillips, a 1933 kuma kamfanin Procter & Gamble ya ɗauki nauyin Ma Perkins don ya tallata garin sabulunsa. Dabarar ita ce a kama matar gida da rana tana wanki, a sa ta kuka, a tsakiyar kukan a ce mata ta sayi sabulu. Wannan dabarar ce aka tsallaka da ita Kyuba. Su wa ke biyan kuɗin wasannin Habana? Crusellas, abokin hulɗar Colgate-Palmolive, da Sabatés, na Procter & Gamble. Marubuta da yawa ma a ofishin talla na kamfanonin suke karɓar albashi, ba a gidan rediyo ba. Ni ban ga adabin talakawa a nan ba. Na ga 'yan kasuwar Amurka sun gano hawaye na jawo ciniki.

Hajiya Rakiya: Nura ɗana, maganar kuɗin da ka yi gaskiya ce, ba wanda zai musa. Amma mai biyan kuɗi daban, mai labari daban. Kafin a haifi rediyo da shekaru kusan ɗari, jaridun Faransa sun fara buga labari gutsure-gutsure. A 1836 aka kafa jaridar La Presse a kan wannan tsari, farashi ya sauka, labari ya riƙe mai saye. Eugène Sue da Alexandre Dumas da wannan suka yi suna. Jaridun Sifaniya da na Latin Amurka suka ɗauka. Matsalar ita ce yawancin mutane ba su iya karatu ba. To, ka san abin da masu naɗin taba suka yi a Habana? Daga 1865 suka fara ɗaukar mai karatu. A kafa masa kujera a kan dandamali a tsakiyar zauren aiki, hannuwansu na naɗa ganye, shi yana karanta musu jarida da safe, littafin labari da rana. Su ke haɗa kuɗi daga aljihunsu su biya shi, su ke zaɓen littafin da za a karanta. Sigarin nan da ake kira Montecristo daga littafin Dumas ya samo suna. Ka ga kenan tun kafin kamfanin sabulu ya taka ƙasar, ma'aikata sun saba da labarin da ake yankewa yau a ci gaba gobe, kuma da kunne suke karɓarsa.

Ajantina ma haka. Can abin ya fito ne daga 'yan wasan tanti da ke yawo gari-gari suna wasan Juan Moreira, makiyayin da zaluncin hukuma ya mai da shi ɗan tawaye. Da rediyo ta zo, a shekarun 1930, shirin Chispazos de tradición na González Pulido ya ɗauki wannan salo, kuma 'yan wasan kan fita ƙauyuka su yi labarin a gaban jama'a, mutane su zo ganin fuskar muryar da suka saba ji. Ba daga Chicago wannan ya zo ba.

Sannan akwai bambanci ɗaya babba. Wasan Amurka ba ya ƙarewa, iyali ne ake bi shekara da shekaru. Na Kyuba da Meziko yana da ƙarshe. Akwai sirri, dole a tona shi, dole kowa ya girbi abin da ya shuka, sannan a rufe.

Nura: Hajiya, na karɓi maganar masu naɗin taba. Sai dai su suna zaɓen littafinsu, har marubutan Faransa irin su Victor Hugo da Zola, masu sukar zalunci, ake karanta musu, shi ya sa masu masana'anta da hukuma suka sha hana karatun. Da rediyo ta zo, zaɓin ya koma hannun mai talla. Wannan ci baya ne, ba ci gaba ba.

Malam Sabi'u: Ku bar ni in sa baki a matsayina na wanda ya tsufa a gaban makirufo. Kuna ta maganar wanda ya biya da wanda ya karanta, kun tsallake wanda ya yi aikin. Wasan rediyo ba karatun littafi ba ne. Ba ka da fuska, ba ka da tufafi, ba ka da ɗaki. Murya ce kawai, sai kiɗa, sai ƙarar abubuwa. A ɗakin ɗaukar shiri akwai mutum guda da teburinsa cike da tarkace: ɓawon kwakwa biyu da yake bugawa a kan tire mai yashi ya zama gudun doki, takardar leda da yake murzawa a bakin makirufo ta zama gobara, farantin ƙarfe da yake girgizawa ya zama tsawa, 'yar ƙaramar ƙofa mai sakata da yake buɗewa yana rufewa. Idonsa na kan takarda, kunnensa na kan ɗan wasa. In ya makara da daƙiƙa ɗaya, jarumi ya riga ya shiga ɗaki kafin a buɗe ƙofa. Kuma a wancan zamani kai tsaye ake watsa yawancinsu, babu a tsaya a sake.

Abin da Caignet ya ƙware a kai shi ne mai ba da labari. Tun a 1934, a Santiago de Cuba, ya fito da wani ɗan binciken sirri Basine mai suna Chan Li Po, Aníbal de Mar ke yin muryarsa. A nan ya sa wata murya dabam da ke tsayawa tsakanin 'yan wasa da mai sauraro, tana faɗin yadda dare ya yi, yadda hannun mace ke rawa, abin da ke zuciyar mugu. Ita ce idon mai sauraro. Ita ce kuma ke yanke labari a daidai inda numfashi ya tsaya, ta jefa tambaya, ta ce a tara gobe. Duk wanda ya taɓa rubuta wasan rediyo ya san nan ne wuyar aikin take. Minti ashirin ɗin farko kowa zai iya, minti ɗayan ƙarshe shi ke nuna gwani.

Zainabu: Baba Sabi'u, an ce akwai wani tsoho a wasan da ya daɗe bai yi magana ba. Mene ne labarin?

Malam Sabi'u: Don Rafael kenan, kakan. Wanda ke yin muryarsa, José Goula, ya ga wasa ya karɓu, sai ya nemi ƙarin albashi. Masu tasha suka ƙi, suka ce a cire shi. To amma shi ne ya gano sirrin, shi kaɗai zai iya faɗa wa 'yarsa cewa likitan nan ɗanta ne. Caignet bai kashe shi ba. Sai ya sa ciwo ya buge shi, bakinsa ya mutu. Kashi bayan kashi, tsoho na kwance yana gurnani, yana son ya furta sunan, harshe ya ƙi. Ƙasa gaba ɗaya ta koma tambaya ɗaya: yaushe Don Rafael zai yi magana? Har waƙa aka yi a kai. Da aka daidaita kan kuɗi, bakin tsoho ya buɗe.

Nura: Baba, ai ka ba ni hujja da hannunka. Rigimar albashi ce ta rubuta wannan ɓangare, ba hikima ba. Mutane na kuka da gaske, a ofis kuwa ciniki ake.

Malam Sabi'u: Rigimar albashi ta kawo matsala, ɗana, hikima ce ta warware ta. Ka ba marubuta goma wannan matsala, tara za su kashe tsohon a haɗarin mota su huta. Shi ya duba ya ga mutumin da ya yi amfani da bakinsa ya ce a kashe jariri, hukuncin da ya dace da shi shi ne a ƙwace bakin a ranar da ya fi buƙatarsa. Wannan ba ofishin talla ne ya koya masa ba.

Kuma kada ka ɗauka masu sauraro da 'yan wasan ba su da wata alaƙa sai ta ciniki. A Nuwamban 1948, wasan na tsakiyar tafiya, María Valero, wadda ke fitowa a matsayin budurwar likitan, ta fita da dare tare da abokan aiki kallon tauraruwa mai wutsiya a bakin teku, mota ta buge ta ta mutu. Jama'ar da ta fito jana'izarta a Habana ta cika tituna. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarta ba. Minín Bujones ce ta karɓi rawar aka ci gaba.

Malam Hadi: Ni damuwata dabam ce. Tun ɗazu ina karantawa, labarin nan na cikin shege ne. Yarinya ta yi abin kunya, a ƙarshe ɗan ya zama likita, kowa na tafa masa. Wane darasi kenan ake koya wa 'yan mata?

Dakta Ilyasu: Malam, Allah ya gafarta, ka dubi inda labarin ya fara. Wata yarinya ce ta zo wurin likita tana roƙon ya zubar mata da ciki. Ya ƙi, ya ce ta zauna ya ba ta labarin wani yaro da aka so a hallaka. Nasa labarin ne. Ita kuwa María Elena ba ta ci riba ba, ta rasa ɗanta, ta rasa ƙuruciyarta, ta ƙare a gidan zuhudu. Abin da wasan ya tsaya a kai shi ne jariri ba shi da laifi, kuma wanda ya kashe rai don ya tsare sunan gida ya fi wadda ta yi kuskuren laifi. Ni da nake aikin asibiti na ga jaririn da aka tsinto a kwali. Ba na jin akwai malamin da zai ce a bar wannan magana a rufe.

Hajiya Rakiya: In ƙara a kan ta Dakta. A ƙasashen nan, haihuwa ba tare da aure ba ba abu ne na jefi-jefi ba. Tun zamanin mulkin Sifaniya da bauta, wadda ba a soke ta a Kyuba ba sai 1886, maigida kan haihu da baiwa ko 'yar aiki ya ƙi karɓar ɗan. Yaro ya tashi yana ganin gidan ubansa daga waje, ba suna, ba gado. Tsarin mulkin Kyuba na 1940 ya hana a riƙa rubuta wa yaro a takardar haihuwa cewa shi na aure ne ko ba na aure ba. Shekara takwas bayan haka Caignet ya fito da wasansa, ka ga doka ta canza amma zukata ba su canza ba. Wani masani, Jesús Martín-Barbero, ya yi bayani a littafinsa na 1987 cewa jigon irin waɗannan labarai shi ne neman a san mutum, a karɓe shi: ɗa na neman uba, uwa na neman ɗa. Matar da ke goge daɓen gidan wasu tana sauraro, ba labarin baƙi take ji ba. Shi ya sa da aka kai wasan Benezuwela da Kolombiya da Meziko da Peru ya kama kamar wutar daji, har Birazil da ke magana da Fotugisanci ta fassara shi ta sa a rediyo a 1951, a talabijin a 1964.

Malam Hadi: Na fahimta, Hajiya. Ban janye damuwata kan yadda ake ƙawata soyayyar ba, amma maganar ran jariri ba ni da ja.

Bilkisu: Ku ba ni dama in kawo ɓangaren Sifaniya, tunda nan nake zaune. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura tamanin. Takan manta abin da ta ci da safe, amma in ka ce mata Ama Rosa sai ta gyara zama. Ta ce suna 'yan mata a shagon ɗinki, da la'asar ta yi mai shagon kan ɗora rediyo a kan kanta, kekuna su tsaya cak, sai aikin hannu kawai, don kada ƙara ta hana ji. Wadda ba su da rediyo a gida kuma ta tsaya a tagar maƙwabta.

Wasan na Guillermo Sautier Casaseca ne, tashar Cadena SER ta sa shi a 1959, Juana Ginzo ce ta yi muryar. Wata matalauciya ce ta haihu tana ganin mutuwa za ta yi, ta ba da ɗanta ga masu kuɗin da nasu ya zo ba rai. Sai ba ta mutu ba. Ta shiga gidan a matsayin mai reno, tana yi wa ɗan cikinta bauta, yana wulaƙanta ta, ta kasa cewa ni ce uwarka saboda alkawari. A nan kam ina bayan Yaya Nura. Lokacin mulkin kama-karya na Janar Franco ne, kowace takarda sai ta bi ta hannun masu tacewa, tashoshi masu zaman kansu ba su da izinin yin labaran kansu, dole su haɗa da rediyon gwamnati, kuma haka aka yi ta yi har 1977. Abin da aka bar musu shi ne kiɗa, ƙwallo, da kuka. Kuma darasin kullum ɗaya ne: mace ta yi haƙuri, talaka ya san matsayinsa. Ita kanta Juana Ginzo ta sha faɗa daga baya cewa ba ta ƙaunar waɗannan wasanni.

Nura: Na gode, Bilkisu. Ku kuma dubi Mamá Dolores ɗin da ake yabo. Baƙar mace, ba ta da miji, ba ta da ɗan kanta, ba ta da wani buri sai na ɗan fararen da suka bautar da kakanninta. Sakamakonta shi ne a ce mata ta gari. A rediyo Lupe Suárez ce ta yi ta, ba baƙa ba ce, kuma da aka yi fim ɗin a Meziko a 1952 shafa mata baƙi aka yi a fuska. Mu baƙaƙen fata ya kamata wannan ya dame mu.

Dakta Ilyasu: Ya dame ni, Nura, kuma ya dami baƙaƙen Kyuba da na zauna da su. Sai a fim ɗin 1966 aka ba Eusebia Cosme rawar, baƙar Bakyuba da ta yi suna wajen rera waƙoƙin baƙaƙen ƙasarta. Amma ka sa wannan a ɗaya hannun: a 1948, a ƙasar da manyan kulob-kulob ba sa barin baƙi su shiga, wasan da kowa ke ji ya ce mutum mafi daraja a labarin ita ce baƙar 'yar aiki, mafi ƙasƙanci kuma farin attajiri mai sunan asali. Likitan da sunanta yake amsawa, kuma da danginsa na jini suka bayyana bai jefar da ita ba. Bai kai inda muke so ba. Ya dai wuce inda mutanensa suke a lokacin.

Auwal: To ya aka yi abin ya bar hannun Kyuba ya koma Meziko?

Dakta Ilyasu: Meziko na da nata tun da wuri. Emilio Azcárraga ya buɗe XEW a 1930, a 1941 suka yi Anita de Montemar, daga baya Chucho el Roto, ɓarawon da ke kwasar na masu kuɗi yana ba talakawa, sai Kalimán a 1963, jarumi mai rawani da yaronsa Solín, wanda yara maza suka haukace a kai har Kolombiya. Amma rubutun Habana ne ke yawo ko'ina. Mario Vargas Llosa, da ya yi aikin rediyo a Lima yana saurayi, ya ba da labari a littafinsa na 1977, La tía Julia y el escribidor, yadda tashar ke sayen takardun wasa daga CMQ da awo a sikeli, a zo a yi ta fama da kalmomin Kyuba da mutanen Peru ba su sani ba.

Juyin juya halin 1959 ne ya watsa su. A 1960 gwamnati ta karɓe CMQ, tallan kamfanoni ya mutu. Mestre ya koma Ajantina ya shiga harkar talabijin. Delia Fiallo da Inés Rodena suka fita, rubutunsu ya ciyar da talabijin ɗin Benezuwela da Meziko shekaru da dama. Los ricos también lloran na 1979, wanda Verónica Castro ta fito, aka nuna shi a Najeriya, ya kuma tsayar da Rasha cak a 1992, daga wasan rediyon Inés Rodena aka ciro shi. Caignet shi bai fita ba, a Habana ya rasu a 1976.

Ga abin da nake so Nura ya duba. Sabulu ya tafi, mai talla ya tafi, amma wasan bai mutu a Kyuba ba. Radio Progreso ta ci gaba da sa shi. Lokacin da nake karatu, in ka bi layin unguwa da rana za ka ji murya ɗaya na fitowa daga taga zuwa taga, ka bi labarin kana tafe. In talla ce kaɗai ta riƙe shi, me ya hana shi faɗuwa da ta janye?

Nura: Saboda gwamnati ma ta ga amfaninsa, Dakta. Mai sabulu ya sauka, mai mulki ya hau.

Hajiya Rakiya: To ai ka yarda kenan abin hawa ne mai ƙarfi, saura a tambayi inda aka nufa da shi. Ka ɗauki Simplemente María na Celia Alcántara, 'yar Ajantina. Da aka yi shi a talabijin ɗin Peru a 1969, labarin 'yar ƙauye ce da ta zo birni aikatau, aka yi mata ciki aka gudu, ta shiga ajin yaƙi da jahilci da dare, ta koyi keken ɗinki, ta zama mai kamfanin tufafi. 'Yan aikin gida a Lima suka dinga shiga ajin dare, cinikin keken Singer ya tashi. Sifaniya kuma a rediyo ta yi shi daga 1971. Miguel Sabido na Meziko ya zauna ya yi nazarin dalilin haka, ya fitar da tsari: a sa mutumin kirki, a sa na banza, a sa na tsakiya mai kokwanto wanda mai sauraro zai ga kansa a ciki, a bi shi har ya yanke shawara. Ya gwada da Ven conmigo a 1975 kan karatun manya. Tsarin ya je Indiya, ya je Tanzaniya inda aka yi Twende na Wakati a rediyo a 1993. Ya zo har gidanmu. Gugar Goge da aka sa a Kano da Kaduna a 2006 kan yoyon fitsari, da Ruwan Dare da ya biyo baya, ƙungiyar Population Media Center ce ta shirya su a kan tsarin Sabido.

Zainabu: Ikon Allah! Ruwan Dare da mahaifiyata ba ta bari ya wuce ta? Ashe da zaren da ya haɗa shi da Lima.

Nura: Hajiya, ko a misalinki Singer ce ta ci kasuwa. Kuma María ita kaɗai ta tsira, sauran 'yan aikin suna nan inda suke. Labarin bai taɓa tambayar me ya sa albashinsu bai isa ba. Waɗanda ake yi da kuɗin ƙungiyoyin waje kuma, su ma wani ne daga nesa ya zaɓi darasin.

Malam Sabi'u: Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, na gani da idona. In aka cika wa wasa saƙo har ya fi labari nauyi, mai sauraro na ganewa a kashi na biyu ya murɗa tasha. Waɗanda suka yi nasara su ne waɗanda marubutan gida suka karɓe, suka sa mutanen da ka san irinsu a unguwarku. Macen da ta ji wasa ta tashi ta je asibiti aka yi mata aiki ta warke, ba ruwanta da wanda ya biya kuɗin iska.

Tunda kuma ka damu da albashi, su ma 'yan wasan sun damu. A Ajantina, a 1943, ma'aikatan rediyo suka kafa ƙungiyarsu, cikin waɗanda suka kafa ta har da wata 'yar wasa ta Radio Belgrano da ke fitowa a jerin wasanni kan shahararrun matan tarihi. Sunanta Eva Duarte. A Janairun 1944 ta haɗu da Kanar Juan Perón, wanda daga baya ya aure ta ya kuma zama shugaban ƙasa, wurin taron tara gudummawar girgizar ƙasar San Juan.

Hajiya Rakiya: Kuma ita kanta 'yar da uba bai yi aure da uwarta ba ce. An haife ta a 1919, uban na da matarsa da 'ya'yansa a wani gari. Ta san ciwon Albertico tun kafin a rubuta shi. Muryar da ta koya a wasan rediyo da ita ta riƙa yi wa ma'aikata da mata jawabi, tana tsaye aka ba matan Ajantina 'yancin zaɓe a 1947. Ta rasu a 1952, a 1954 majalisa ta yi dokar da ta soke bambancin da hukuma ke nunawa tsakanin 'ya'yan aure da waɗanda ba na aure ba.

Nura: Dokar ta rage bambancin ne, Hajiya, ba ta share shi ba. A rabon gado ɗan da ba na aure ba rabin kason ɗan'uwansa aka ba shi. Sai a 1985, bayan sojoji sun sauka, aka daidaita su. Kuma gwamnatin Perón ɗin nan ita ce ta tattara manyan tashoshin rediyon ƙasar a hannun mutanenta, 'yan wasan da ba sa goyon bayanta irin su Libertad Lamarque da Niní Marshall suka koma Meziko neman aiki.

Bilkisu: Libertad Lamarque kam tsohuwata na da faifanta. A Meziko ta rasu a shekarar 2000, tana tsakiyar fitowa a wani wasan talabijin mai dogon zango, tana da shekara 92.